Wuriyar da Aka Toshe a Kwarbai

Ana sallame sallar asuba muka bar Jos ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maigidan, gari na ta yayyafi, sanyi ya hana ni ko sauke gilashin mota. Waɗanda suka ga na yi shiru kwana huɗu a shafin nan har suna tambaya ko lafiya, to lafiya ƙalau, gida na je, Zariya, cikin birni. Sai dai ba biki ne ya kai ni ba, ba kuma suna ba. Rigima na tafi yi da yayana, kuma na shirya mata tsaf.

Ga yadda abin yake. 'Yar yayan nawa, Nafisa, ta sami gurbin karatu a jami'a, a fannin tsare-tsaren kula da muhalli, wato irin karatun da ni ma na yi, wanda da shi nake cin abinci yau a ma'aikatar muhalli. Kwana biyar kacal suka rage a rufe rajista, uban kuma ya ce atafau ba za ta yi ba, ta zauna ta jira baɗi ta nemi karatun jinya. Ta kira ni tana kuka, abin da na iya tsinta a maganarta kawai shi ne, "Gwaggo, ki zo." Raina ya ɓaci sosai, don na san idan Yaya ya raina karatun nan, ni ya raina. Na zauna a ofis na buga takardu uku cif, na jero duk wani aiki da mai wannan digiri zai iya samu, na sa su a fayil mai kyau. A ganina babu mai karanta su ya ƙara musu.

Muna gangarowa Jengre sanyin ya sake mu, na cire rigar sanyi na jefa baya. Daga nan har Saminaka ba abin da ido ke gani sai masara, hagu da dama, ta fi tsawon mutum, kore shar. Duk wanda ransa ya ɓaci ya bi hanyar nan da damina, zai huce ko bai so ba. Sai dai hanyar kanta ba ta barin mutum ya more kallon. Ramukan sun cika da ruwa, ba ka sanin wanne ne ɗan ƙarami, wanne ne zai haɗiye taya. Maigidan Bakano ne, saboda haka duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Mun fara shigowa ƙasarku ke nan." Na ƙyale shi, don shi ke riƙe da sitiyari.

A Saminaka muka tsaya karin kumallo wurin wata mai ƙosai da kunun gyaɗa. Ƙosan ya yi daɗi, amma ya ƙanƙance har sai da na tambaye ta ko na yara ne. Ta ce, "Hajiya, je ki tambayi mai wake da mai mai, su za su ba ki amsa." Na biya ta kuɗinta. Masarar gashi kuwa da arha, tunda a bakin gonarta muke, muka saya har ta fi ƙarfinmu. Ina cikin ci ina leƙa kwatar da ke gaban rumfar, ta cika da leda da ɓawon masara. Wannan ciwo ne da aikina ya sa mini, duk garin da na sauka, kafin in kalli fuskar mutane sai na kalli inda ruwansu ke bi. Maigidan ya ce wata rana za mu je Makka in bar ɗawafi in tafi duba magudana.

Muka wuce Pambeguwa da Soba, muka iso Zariya ana shirin kiran azahar. Da muka shiga ta Ƙofar Doka sai na ji zuciyata ta yi sanyi, kamar yadda take yi duk lokacin da na dawo. Ganuwa dai ta ƙara zaizayewa, a wasu wuraren ta koma tudu kawai, awaki na kiwo a kanta. Shaguna sun ƙaru, masu keke-napep sun ƙaru, gidajen siminti sun kutsa tsakanin na ƙasa. Amma ƙanshin garin bai canza ba, ƙanshin jar ƙasar da ta sha ruwa da hayaƙin itace. A bakin lungunmu na Kwarbai muka ajiye mota, don lungun ba a yi shi domin mota ba, muka ƙarasa da ƙafa muna tsallake ruwa.

Yaya muka tarar a zaure, inda na san shi tun ina yarinya, ƙafa a miƙe, babbar riga a cinya, allura a hannu. Ɗinkin hannu ne sana'arsa, ita ya gada wurin mahaifinmu. A da mutum shida ko bakwai ke zama a zauren nan suna aiki, yanzu shi kaɗai ne, sai rediyo. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, tabarau ɗinsa ya ƙara kauri. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi yara da hanya da sanyin Jos. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba, don ya sani.

A cikin gida matar Yaya ta kawo mana faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, yana ta tururi. Maigidan da aka kai wa nasa zaure ya aiko da saƙon cewa ai ya san ba za a bar shi ya fita Zazzau ba tare da an ɗura masa fate ba. Da aka dawo da kwanon kamar an wanke shi. Nafisa ta zauna kusa da ni ta kasa cin komai, idonta ya kumbura. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta bar ni da shi. Har da bugun ƙirji.

Bayan la'asar na ɗauki fayil na fita zaure. A nan na tafka kuskuren da har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Maimakon in jira maigidan ya tashi, in zauna da yayana mu yi magana irin ta 'yan uwa, sai na buɗe takardu a gaban surukinsa na shiga karanto masa kamar ina gaban taron ma'aikata. Na ce mai wannan karatu zai yi aiki a ma'aikatar muhalli ko hukumar tsara gari. Na ce kamfanoni ba sa kafa masana'anta ko haƙa ma'adinai sai an yi musu binciken irin illar da aikin zai yi wa ruwa da ƙasa da mutane, kuma mu ne masu yin binciken. Na ce akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu, akwai koyarwa, akwai aikin jarida. Ina ta zuba, shi kuwa allurarsa ba ta tsaya ba.

Da na gaji na yi shiru, sai ya ce, "Dije, duk wannan dogon bayani, ba karatun duba-gari ba ne?"

Na ce, "Yaya, ya wuce nan."

Ya ce, "To, waɗanda kuka gama tare, duk sun sami aikin da ke cikin takardar nan?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce wasu sun samu, wasu sun daɗe suna nema, akwai wadda ma yanzu atamfa take sayarwa, kuma ta fi ni rufin asiri. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga rigar da ke cinyarsa ya nuna mini. Ya ce wata biyu ke nan yana kanta, keken zamani kuwa a yini ɗaya zai fitar da irinta, kuma mutane sun koma can. Ya ce ya ƙarar da idonsa a kan abin da aka daina nema, ba zai zuba ido 'yarsa ta ƙarar da shekara huɗu a kan abin da ba wanda ya taɓa zuwa ƙofar gida ya nema ba. Ciwo kuwa, in ji shi, ba ranar da za a daina yi, mai jinya ba za ta rasa abin yi ba.

Duk zafin da na taho da shi daga Jos sai ya zube. Na zo da niyyar faɗa da mai taurin kai, sai na tarar da uba mai jin tsoro, kuma tsoron nasa yana da dalili. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na ajiye fayil ɗin a gefen tabarma na koma cikin gida. Nafisa ta dubi fuskata, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari Lahadi da hantsi aka kece da ruwa, irin ruwan Zariya mai zuwa da ƙarfinsa ba sallama. Indararo na zuba, tsakar gida ta zama tafki, amma cikin ɗan lokaci ruwan ya tattara ya fice ta wuriya, wato 'yar ƙofar nan da ake bari a gindin katanga domin ruwa ya wuce. Wanda bai tashi a cikin birni ba zai yi mamakin inda yake zuwa, don bayan katangarmu ba titi ba ne, gidan maƙwabci ne. Haka aka gina unguwar tun kakanni. Ruwan gidanka ya shiga gidan na ƙasa da kai, ya haɗu da nasa, su wuce gida na gaba, har su faɗa kududdufi. Ba mai toshe wa wani, ba kuma mai zuba ƙazanta a ruwan da zai ratsa tsakar gidan maƙwabcinsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kowa dai ya tashi ya tarar ana yi.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba muka ji sallama da ƙarfi. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, ya jiƙe sharkaf, ya ce a taimaka Malam, wato Yaya, ya fito, ruwa ya shiga ɗakin Inna har ya kai gado. Inna tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a wani gidan ƙasa can gangare, ta yi mana goyo muna yara. Yaya ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki sandarsa da lema. Na manta ma cewa shi ake kira a irin wannan. Mahaifinmu ne ke yi a da, da ya rasu sai abin ya faɗo kan Yaya. Ba sarauta ba ce, ba albashi, ba ma suna. In ruwa ya rikice dai sai a ce a kira Malam. Na yafa mayafi na bi shi, Nafisa ta zura hijabi ta biyo ni, maigidan ya biyo mu yana tsallen kwata da takalmin da bai dace da lungu ba.

Abin da na gani a wannan tafiya ta ɗan lokaci ya fi mini wasu darussan da na zauna a aji. Yaya bai nufi gidan Inna ba. Ya bi ruwan ne gida-gida, yana sallama, mata na shigewa ɗaki, yana zura sanda a kowace wuriya. Yana tafe yana faɗin ruwan wane gida ke shiga wane, wace katanga aka matsar a zamanin wa, ina aka taɓa yin rijiya aka cike. A gida na shida ya tsaya, ya zura sanda ta ƙi shiga. Ya ƙwanƙwasa, muka ji ƙarar siminti.

Gidan da ke bayan katangar magada ne suka sayar bara, wani Alhaji ɗan kasuwa ya saya ya rushe ya yi ginin zamani. Maginansa sun ga rami a gindin katanga sun ɗauka ɓarna ce, suka liƙe. Ruwan gida shida ya rasa hanya, ya juya ya faɗa wa Inna, wadda gidanta ya fi na kowa ƙasa. Aka yi sallama da Alhajin, aka aika aka kira mai unguwa, aka tsaya a ƙofar gidan ana yayyafi. Na zaci za mu tarar da mai girman kai, sai ga mutum mai ladabi, ya gaida Yaya har da rusunawa. Ya shiga ya fito da takardar cinikin gidan a cikin leda.

Ya ce, "Malam, wallahi ban sani ba. Ga takardar, an faɗi tsawo, an faɗi faɗi, an faɗi maƙwabta. Ba inda aka ce ruwan gida shida zai ratsa tsakar gidana."

Yaya ya ce, "Alhaji, ai wannan kowa ya sani."

Ya ce, "Ni ban sani ba, Malam. Wanda zai saya a hannuna wata rana shi ma ba zai sani ba. Kuma in na fasa, daga gidana ina ruwan zai je? Wa zai tabbatar mini ba a ɗakina zai kwana ba? A nuna mini hanyarsa har ƙarshe, a rubuta, kowa ya sa hannu, yanzu in kira magini."

Yaya ya buɗe baki ya fara lissafo gidaje da sunayen mutanen da suka rasu tun kafin a haifi Alhajin. Alhaji na saurare cikin girmamawa, amma ka ga fuskarsa ka san bai gane komai ba. Yaya ma ya lura, maganarsa ta fara sanyi har ya yi shiru. Ban taɓa ganin yayana ya rasa abin cewa a unguwarsa ba, abin ya taɓa ni. Duk ilimin nan yana cikin kansa, amma ba yadda zai ciro shi ya ɗora a hannun baƙo.

Sai na ji ana taɓa ni ta baya. Nafisa ce, ta zaro wani tsohon littafin rubutu na makaranta daga cikin hijabi ta tura mini. Na buɗe. Zanen unguwarmu ne da biro, gida-gida, da 'yan kibiyoyi ja masu nuna inda ruwa ke bi, tun daga gidanmu har kududdufi. Ashe tun tana sakandare, duk ranar da aka kira uban ya dawo yana ba da labari, sai ta shiga ɗaki ta zana. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya sani. Saura kaɗan in miƙa wa Alhaji, sai na tuna abin da na yi jiya. Na rage tsawo na miƙa wa Yaya da hannu biyu, na ce, "Yaya, duba wannan ko zai yi amfani."

Ya gyara tabarau, ya kare littafin da lema, ya daɗe yana kallo. Ya bi kibiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya san rubutun 'yarsa, bai tambayi mai shi ba. Can sai ya ɗora yatsa a wani wuri, ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "Nan kin yi kuskure. Ruwan gidan Liman ba ya bi ta hagu, ta bayan rumbu yake fita." Nafisa ta ce, "To, Baba." Ya karɓi biro a hannun mai unguwa ya gyara da kansa, sannan ya juya littafin ya nuna wa Alhaji.

Da zane a gaba, magana ta zo da sauƙi. Alhaji ya ga cewa daga gidansa saura gida ɗaya ruwan ya faɗa kududdufi. Muka je muka duba, bakin kududdufin ya cushe da shara, mai unguwa ya ce matasa za su yi gayya su buɗe kafin la'asar. Aka ce a rubuta, sai kowa ya juyo yana kallona. A zauren mai unguwa na zauna na rubuta yarjejeniya da Hausa, gajeriya: ga hanyar ruwa, ga gidajen da yake ratsawa, ba mai toshewa, ba mai zuba ƙazanta, duk wanda zai sayar da gida sai ya nuna wa mai saye wannan takarda. Aka kwafi zanen Nafisa aka haɗa, masu gidaje suka sa hannu. Irin aikin da nake yi kullum a ofis ne, sai dai a can nakan yi wata ban ga fuskar wanda takardar za ta amfana ba.

Magini ya zo da guduma da kurfi, bugu kaɗan simintin ya fashe. Ruwan ya yi wani gurnani ya kwararo, jajawur, ɗauke da ledoji da takalmin wani yaro. Muka koma gidan Inna muka tarar ruwan ɗakin yana ja da baya. Matan maƙwabta suka taru ana kwalfewa ana shanya tabarmi, ita kuwa tana zaune a kan turmi tana sa wa kowa albarka, har da maigidan da bai taɓa komai ba. A hanyar komawa na matsa kusa da Yaya na ce a hankali, "Wannan da kake yi kyauta, shi ake koya mana, shi ake biyan mu mu yi." Ya ci gaba da tafiya, littafin dai yana hammatarsa bai mayar wa mai shi ba.

Da yamma muka zaga gaishe-gaishe. Muka je Limancin Kona wurin wata gwaggonmu, inda har yanzu in ka bi lungu karatu kake ji yana fitowa daga zauruka. Ta yi mini faɗa a kan na rame, ta cika mini jaka da kuka da daddawa. Muka leƙa Tukur-Tukur wurin wata ƙawata, na ga filayen da muke wasa a da duk sun zama gidaje. Ina zaune ana hira, amma hankalina na Kwarbai. Da muka dawo Yaya ya yi mana hira sosai, ta siyasa, ta tsadar zare, ta mutanen da, amma bai ko kusanci maganar makaranta ba. Ni ma na kama bakina, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Litinin da safe muka yi sallama. Nafisa ta rungume ni ta ce, "Gwaggo, bai ce komai ba." Na ce ta yi haƙuri, na yi iya yina, ban kuwa san ko na yi ba. Yaya ya rako mu har bakin lungu, ya yi mana addu'a, matarsa ta miƙo tsarabar alkaki da dakuwa. Sai da muka wuce Soba yunwa ta taso na buɗe ƙullin. Jama'a, da takarduna uku aka naɗe alkakin nan. Mai ya jiƙa su sharaf, daidai kan layin da na rubuta ayyukan kamfanoni. Maigidan ya yi dariya har sai da ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ce ai ga shi sun sami aiki tun kafin Nafisa ta samu. Na so in yi fushi, na kasa, muka cinye alkakin.

Mun iso Jos da la'asar, sanyi ya tare mu tun daga hawan dutse, yara suka tare mu a ƙofa suna neman tsaraba. Na kwanta da gajiya da kuma tunani. Masu tambayata a nan ko karatun muhalli yana da aiki, amsata ba ta canza ba: akwai, amma ba a ajiye yake yana jiran kowa ba, kuma wanda ya shiga don ya rasa wani kwas ɗin zai sha wuya. Abin da tafiyar nan ta ƙara mini shi ne, na daɗe ina ɗauka a jami'a aka ƙirƙiro tsarin muhalli muka kawo wa mutane. Ashe unguwarmu na da nata tun kafin a haifi malaman da suka koya mini, yana kan mutum ɗaya mai ciwon ido, kuma ranar da ya kwanta dama zai tafi da shi. Na kuma koyi cewa babba ba a karanto masa takarda a zaurensa, a gaban surukinsa.

Jiya Talata ina ofis wajen azahar wayata ta yi ƙara. Yaya ne, wanda in ba rasuwa aka yi ba ba ya kira. Na ɗauka da sauri. Muka gaisa, ya tambayi gajiyar hanya, sannan ya ce, "Mun dawo daga jami'ar. An yi rajistar, ni na kai ta da kaina." Hawaye kawai na ji yana zuba a kan fayil ɗin gwamnati.

Ya ce, "Amma da sharaɗi, na faɗa mata, ke ma ki sani. Duk hutu za ta bi ni lungu-lungu. Akwai kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, ni kaɗai na san inda suke, kuma ruwa bai manta da su ba. Sai mun rubuta su duka."

Na ce, "In sha Allahu, Yaya."

Ya ce, "Na saya mata sabon littafi mai bango mai kauri. Wancan ya jiƙe, kuma ni zan riƙe shi."